Yadda Ake Daidaita Girman Fayil da Tace Saƙonnin Banza a Sabar Imel ta Kamfani

A mafi yawan kamfanoni, ba a tuna da mai kula da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin kamfani, sai ranar da ɗaya daga cikin koke biyu ya taso: ko dai takardun neman kwangila sun ƙi tafiya saboda sun yi nauyi, ga kuma wa'adi ya matso, ko kuwa akwatin shugaba ya cika da tallace-tallace da saƙonnin 'yan damfara. Ana yawan ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu da ba su da alaƙa, har ma a gyara ɗaya yau a bar ɗaya sai wata mai zuwa. A ganina wannan kuskure ne, domin ƙofa ɗaya suke bi. Duk lokacin da aka ɗaga iyakar girman saƙo ba tare da an ɗaga ƙarfin manhajojin bincike ba, an buɗe wata hanya ke nan wadda manyan saƙonni za su riƙa wucewa babu wanda ya leƙa cikinsu. Ƙa'idar da wannan bayani ya ginu a kanta ita ce, saba ba za ta karɓi abin da ba za ta iya bincikawa ba, kuma abin da za ta ƙi, ta ƙi shi tun a bakin ƙofa.

Lissafin girman saƙo

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, girman fayil a kan kwamfuta ya sha bamban da girmansa a cikin imel. Tsarin SMTP da ake aika imel da shi, wanda Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, an gina shi ne domin ɗaukar rubutu zalla. Da tsarin MIME ya zo a 1992 ya ba da damar maƙala hoto ko takarda, sai aka yi dabarar mayar da fayil ɗin zuwa haruffa ta hanyar da ake kira Base64, inda kowane bayit uku yake zama haruffa huɗu. Wannan kaɗai ya ƙara kashi 33 cikin ɗari, idan kuma aka haɗa da karya layin da ake yi bayan kowane haruffa 76, ƙarin yakan kai kusan kashi 37. Ma'ana, fayil mai megabayit 20 zai isa saba a matsayin kimanin megabayit 27. Ma'aikacin da ya ce an gaya masa iyaka megabayit 25 ce amma fayil ɗinsa mai 22 ya dawo, ba ƙarya yake yi ba. Saba ma ba ta yi kuskure ba.

Saboda haka a fara yanke shawara a kan girman fayil ɗin da ake so ma'aikata su iya aikawa, sannan a ƙara masa kashi 40 cikin ɗari a sa a saiti. Idan megabayit 25 ake so, sai a sa 35. A manhajar sabar imel ta Postfix, saitin da ke riƙe da wannan shi ne message_size_limit, wanda yake zuwa da bayit 10240000, wato kusan megabayit 10, kuma megabayit 35 daidai yake da bayit 36700160. Akwai tarko a nan: saitin mailbox_size_limit, wato iyakar girman akwati, wanda yake zuwa da bayit 51200000, bai halatta ya gaza iyakar saƙo ɗaya ba, don haka duk wanda ya ɗaga iyakar saƙo ta wuce ta akwati zai ga isar da saƙonni ya tsaya cak. Exim, takwaran Postfix, yana zuwa da megabayit 50, Exchange Online na Microsoft kuwa da 35 wajen aikawa da 36 wajen karɓa, kuma ana iya ɗagawa har 150.

Iya ɗagawa ba ya nufin ya dace a ɗaga. Saƙo yana bi ta saba fiye da ɗaya, kuma mafi ƙanƙantar ƙofa a hanyar ita ke da hukunci. Gmail yana barin a aika megabayit 25, yana karɓar har 50, don haka kamfanin da ya bar ma'aikatansa su aika megabayit 100 bai ƙare su da komai ba sai jiran banza, sannan saƙon ya dawo da lambar kuskure 552. Abin da ya fi dacewa shi ne iyakar karɓa ta ɗara iyakar aikawa, domin ba ka da iko a kan abin da abokin ciniki zai turo, amma kana da iko a kan naka mutanen.

Idan ma'aikata suna buɗe imel ta burauza, misali da Roundcube, akwai wasu ƙofofi uku da ake mantawa da su. PHP, harshen da aka rubuta Roundcube da shi, yana zuwa da upload_max_filesize na megabayit 2 da post_max_size na megabayit 8, Nginx, manhajar da ke buɗe shafin, kuma yana zuwa da client_max_body_size na megabayit 1 kacal, wanda ke jawo kuskuren 413. Sau da yawa mai kula da saba yakan kwana yana binciken Postfix alhali fayil ɗin bai ma kai wurin ba.

Rage nauyin tun daga tushe

Kafin a yi gardama a kan iyaka, yana da kyau a duba daga ina manyan fayilolin suke fitowa. A ofisoshi da yawa amsar ita ce na'urar sikanin da ke kusa da ƙofar sakatare, wadda aka bar ta a kan launi da ɗigo 600 a kowane inci tun ranar da aka sayo ta. Takardar rubutu ba ta buƙatar haka; ɗigo 150 zuwa 200 a launin toka ya wadatar, kuma wannan sauyi na minti biyar yakan kashe rabin koken.

Sai kuma batun aikawa ga jama'a da yawa. Fayil mai megabayit 20 da aka tura wa ma'aikata 60 zai ci fiye da gigabayit ɗaya da rabi a faifai idan saba tana ajiye wa kowa kwafinsa, ban da kwafin da ke akwatin mai aikawa, ban da ajiyar ko-ta-kwana ta kowane dare. Wanda yake karantawa a waya a kan hanyar Kano zuwa Zariya kuma da kuɗin datarsa zai sauke. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa wa adireshin rukuni iyaka ƙarama, kamar megabayit 5, a kuma taƙaita waɗanda ke da izinin aika masa.

Duk abin da ya wuce iyaka sai ya tafi ta mahaɗi. Ko Google Drive ne, ko OneDrive, ko Nextcloud da kamfani ya kafa a sabarsa, sharuɗɗan ba sa canzawa: mahaɗin ya kasance yana da ranar mutuwa, takarda mai sirri ta kasance da kalmar sirri, kalmar kuma a aika ta ta wata hanya daban, kamar kiran waya. A nan sai an yi hattara, domin 'yan damfara sun ƙware wajen kwaikwayon saƙon da ke cewa an raba maka takarda. Maganin shi ne kamfani ya tsaya a kan hanya ɗaya da adireshi ɗaya, ya sanar da ma'aikata da abokan hulɗa, yadda duk mahaɗin da ya zo da sunan kamfani daga wani wuri zai zama abin zargi nan take.

Inda girma da tacewa suka haɗu

Wannan shi ne wurin da aka fi yin sakaci. Manhajar spamc, wadda ke miƙa saƙo ga matatar saƙonnin banza ta SpamAssassin, ba ta miƙa duk saƙon da ya wuce kilobayit 500 idan ba a canza saitinta ba. Sai kawai ta sake shi ya wuce kamar an bincika. An yi haka ne domin rage wa saba wahala a zamanin da saƙonnin banza ƙanana ne, amma masu aika su sun san da zancen, kuma maƙala hoto ɗaya mai nauyi ya ishe su tsallake shingen. A ɗaga wannan iyaka zuwa megabayit kaɗan gwargwadon ƙarfin saba. Idan Amavis ake amfani da shi wajen haɗa saba da matata, yana da tasa iyakar wadda ita ma sai an duba.

Haka abin yake ga ClamAV, manhajar binciken cutar kwamfuta. Saitunan MaxFileSize da MaxScanSize da StreamMaxLength su ne ke faɗin inda bincike zai tsaya, kuma dole su kai iyakar karɓa ta saba ko su ɗara ta. Kada a cire iyakokin gaba ɗaya, domin akwai fayilolin da aka ƙera don su kashe mai bincike. Shahararre a cikinsu shi ne 42.zip, mai kilobayit 42, wanda idan aka warware shi duka zai kai petabayit huɗu da rabi. Abin da ya kamata shi ne a kunna AlertExceedsMax, domin fayil ɗin da ya wuce iyaka a yi masa alama maimakon a sake shi shiru, a kuma kunna AlertEncrypted saboda ƙunshin zip mai kalmar sirri, wanda manhajar ba ta ganin cikinsa. Irin wannan ƙunshi, musamman idan an rubuta kalmar sirrin a jikin saƙon, ya cancanci killacewa har sai mutum ya duba. Akanta ko lauya da ke karɓar irinsa daga sanannen wuri ana iya yi masa togaciya shi kaɗai.

Akwai kuma nau'in fayilolin da babu dalilin barinsu su shigo ko kaɗan. Cutar ILOVEYOU da ta bazu daga Filifin a watan Mayun 2000 ta zo ne a fayil mai ƙarshe biyu, .TXT.vbs, kuma da yake Windows yana ɓoye ƙarshen suna, mutane suka ɗauka wasiƙa ce. Dabarar ba ta mutu ba, riga kawai take sauyawa. Da Microsoft ya fara toshe makro, wato ƙananan umarni masu aiki da kansu, a takardun Office da suka fito daga intanet a 2022, sai masu kutse suka koma ga fayilolin .iso da .lnk, sannan ga na OneNote a farkon 2023. Saboda haka a toshe .exe da .scr da .bat da .js da .vbs da .lnk da .iso, a waje ko a cikin ƙunshi, kuma a sa manhajar ta duba ainihin nau'in fayil daga abin da ke cikinsa, domin sauya suna ba ya cin komai. Fayil ɗin .html da aka maƙala shi ma abin lura ne, tunda sau da yawa shafin bogi ne na satar kalmar sirri.

Jera matatai daga mai araha zuwa mai tsada

Buɗe saƙo a karanta cikinsa yana cin ƙarfin saba, don haka hikimar ita ce a kori mafi yawan tarkace kafin su kai wannan mataki. A Postfix, postscreen yana tsayawa a gaba yana kama kwamfutocin da aka yi wa kutse, waɗanda sukan fara magana kafin saba ta gama gaisuwa. A nan ne kuma ake tambayar jerin adireshin da aka sani da aika tarkace, wanda mafi shahara shi ne ZEN na Spamhaus, ƙungiyar da Steve Linford ya kafa a 1998. Sharuɗɗa biyu ne a nan. Na farko, saba ta kasance da nata mai warware DNS, wato manhajar da ke nemo adireshi daga suna a intanet, kamar Unbound, domin Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta manyan masu warwarewa na jama'a, sai dai ya mayar da lambar kuskure, kuma sabar da ba a saita da kyau ba tana iya ɗaukar wannan lamba a matsayin hukunci ta ƙi kowa da kowa. Na biyu, a riƙa duba jerin da aka dogara da su lokaci zuwa lokaci. Jerin SORBS ya rufe a 2024, amma har yanzu sunansa yana cikin tsofaffin saitunan da ake kwafa daga intanet.

Bayan wannan, saba ta ƙi duk saƙon da aka aiko wa adireshin da babu shi, kuma a guji akwatin nan mai karɓar duk sunan da aka rubuta. Akwai dabarar jinkirtawa, inda saba ke ce wa baƙon mai aikawa ya dawo an jima, Postgrey, manhajar da ke yin haka, yana sa daƙiƙa 300. Tana aiki, sai dai tana ɓata wa mutane rai idan suna jiran lambar shiga wani shafi, shi ya sa na fi son yadda matatar Rspamd ke yi, wato ya jinkirta saƙon da ya riga ya yi zargi kawai.

Daga nan sai tantance mai aikawa ta SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda ya yi iƙirari, sannan bayar da maki. SpamAssassin yana ɗaukar saƙon da ya kai maki 5 a matsayin na banza, Rspamd kuwa yana jinkirtawa a 4, ya yi alama a 6, ya ƙi karɓa a 15. Shawarata ita ce kada a taɓa waɗannan lambobi a makonni biyun farko. A bar matata ta yi alama kawai, a riƙa karanta rajista, a ga waɗanne ƙa'idoji ne ke cin saƙonnin kirki. Kamfanin da ke Najeriya ko Nijar yana da dalili na musamman na yin haka: SpamAssassin yana da ƙa'idojin da aka rubuta domin kama wasiƙun damfarar nan ta 419, waɗanda ke ƙara maki idan sun ga ambaton maƙudan kuɗi da canjin banki, kuma wasiƙar ciniki ta gaskiya a kan naira miliyan ɗari tana iya taka su. Haka nan ɓangarensa mai gane harshe bai san Hausa ba, don haka kada a kunna saitin da ke hukunta saƙo saboda harshensa.

Abin da ke gyara wannan duka shi ne koyar da matatar Bayes, wadda ke koyo daga misalai, da saƙonnin kamfanin kansa. A SpamAssassin ba ta fara aiki sai ta ga saƙonnin banza 200 da na kirki 200, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ciyar da ita na banza kawai. A haɗa Dovecot, manhajar da ke riƙe akwatunan imel, da ita yadda duk lokacin da ma'aikaci ya ja saƙo zuwa akwatin tarkace, ko ya fito da shi daga can, matatar za ta koya. Game da jerin amintattu kuwa, kada a taɓa sa sunan yankin kamfani a ciki bisa abin da aka rubuta a layin mai aikawa, domin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. A yi togaciya ne kawai ga wanda SPF ko DKIM ya tabbatar da shi.

Ƙin karɓa, killacewa, da zubarwa

Idan saba ta ƙi saƙo tun ana cikin tattaunawar SMTP, sabar mai aikawa ce za ta sanar da shi, kuma idan mutumin kirki ne zai ɗauki waya ya kira. Idan kuwa ta karɓa sannan daga baya ta mayar da sanarwar ƙi, sanarwar za ta tafi ga adireshin da aka yi jabunsa, mutumin da bai ji ba bai gani ba, kuma da haka sabar kamfani kan tsinci kanta a jerin masu aika tarkace. Mafi muni shi ne zubarwa shiru, domin mai aikawa yana zaton ta isa, mai karɓa bai san an aiko ba, ciniki ya mutu a tsakani. Saboda haka a haɗa matatai ta hanyar milter, tsarin da ke barin matata ta duba saƙo tun ana cikin karɓarsa, domin su yanke hukunci kafin saba ta ce ta karɓa. Abin da ke tsaka-tsaki a killace shi na kwana talatin, tare da taƙaitaccen rahoto ga mai akwatin kowace safiya. Wurin killacewa cike yake da wasiƙun mutane, don haka a rubuta wanda ke da izinin buɗe shi. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

Inda wuta ba ta tsayawa, akan so a kafa saba ta biyu da za ta riƙe saƙonni idan ta farko ta mutu. A sani cewa sabar mai aikawa takan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, don haka ɗaukewar wuta ta awa shida ba ta ɓatar da komai. Idan dai an kafa ta biyun, lallai ta san adireshin ma'aikata kuma ta kasance da matatai irin na ta farko, in ba haka ba ta zama ƙofar baya, kuma masu aika tarkace da gangan suke nufar ta.

Abin da ke fita

Akwati ɗaya da aka sace kalmar sirrinsa ya isa ya ɓata sunan adireshin kamfani cikin dare ɗaya. A tilasta shiga da kalmar sirri ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 587 ko 465, a sa iyakar saƙonnin da akwati ɗaya zai iya aikawa a awa, a hana kwamfutocin ofis fita ta ƙofar 25, a kuma bi da saƙonni masu fita ta matata. Tun watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya kasance da SPF da DKIM da DMARC, kuma ƙorafin da ake yi a kansa ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. Ƙaramin kamfani ma gara ya cika su. A fara DMARC da p=none, wato sa ido kawai ba hukunci, a karanta rahotanni har a gano duk manhajar da ke aikawa da sunan kamfani, irin ta albashi da ta rasit, sannan a matsa zuwa quarantine, wato killacewa, daga bisani reject, wato ƙin karɓa. A kuma tuna SPF ba ya wuce tambayoyin DNS goma.

Akwai nau'in da matata ba ta cika kamawa ba, wato gajeren saƙo marar fayil marar mahaɗi, da sunan shugaba ko dillali, yana cewa an canza lambar asusun banki. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙiyasta asarar da aka kai mata rahoto ta irin wannan damfara a 2023 da dala biliyan 2.9. Saba za ta iya sa alama a kan duk saƙon da ya fito daga waje, ta kuma tsayar da wanda ya ari sunan shugaba da baƙon adireshi, amma sauran aikin na sashen kuɗi ne: ba a canza lambar asusu sai an kira mutumin ta lambar wayar da aka riga aka sani.

Bayan an gama saiti sai gwaji. Layin GTUBE yana sa SpamAssassin ya ɗauki saƙo a matsayin na banza, fayil ɗin EICAR kuma yana tayar da manhajar binciken cuta ba tare da wata illa ba. A aiko da su daga wani adireshi na waje, da farko su kaɗai, sannan a sa GTUBE a saƙo mai hoton megabayit biyu, a sa EICAR a cikin ƙunshin zip mai nauyin da ya kusa iyakar karɓa. Idan ƙananan sun tsaya amma manyan sun isa akwati, to ɗaya daga cikin iyakokin bincike tana ƙasa da iyakar saba, kuma rajista za ta nuna wacce ce. A maimaita wannan gwaji duk lokacin da aka sabunta manhaja ko aka taɓa iyakar girma, domin sabuntawa takan mayar da wasu saituna yadda suka zo daga farko.